Ƙugin Rediyon Inna

Karo na huɗu ke nan Injiniya yana kwance murfin bayan rediyon nan, kuma ban da busasshen kashin kyankyaso babu abin da ya gani. Ya hure shi, ya ja tsaki.

Rediyon marigayi babansa ne, irin mai akwatin katako da sai ya yi zafi yake magana. Tun da ciwon ƙafa ya kwantar da Inna a ɗakin baya, shi ne abokin hirarta. To mako uku ke nan, da an murɗo gajeren zango sai wani ƙugi ya taso ya danne muryar mai labarai. Mutum ya shekara talatin yana gyara wa duk unguwa rediyo, a ce na uwarsa ya gagare shi? Abin ya tsaya wa Injiniya a rai.

Ranar farko bai sha wahala ba. Wata cajar waya ce ta banza, mai naɗin jan salatif, matarsa ta bari a soket. Ya fizge ta, ya wurga a kwandon shara na gefen gado, ya yi jawabin cewa irinta ke kurmantar da rediyo. Ƙugi ya ɗauke. Bayan kwana biyu ya dawo.

Ya kai rediyon shago, ya canja bawul biyu, ya bi kowace mahaɗa da dalma. A kan teburinsa ras yake magana. Da an mayar da shi ɗakin Inna sai ya birkice.

Ɗakin kuwa, a faɗi gaskiya, Injiniya ƙyamarsa yake yi. Ga warin man zafi, ga fo a ƙarƙashin gado, ga zannuwan da ko an wanke ba sa rabuwa da tsami. Da ma daga bakin ƙofa yake gaisuwa ya wuce, abinci da magani matarsa ke kaiwa. Yanzu ga shi kullum da yamma a tsugune gefen gado, sukudireba a hannu, yana numfashi ta baki, Inna tana zuba masa labarin ranar da ya haɗiye maɓalli yana ɗan shekara uku.

Ya ɗora laifin a kan mai walda na maƙwabta, har suka daina gaisawa. Ya cire ƙwayayen fitilar gidan kaf, ya hana kunna injin markaɗe.

"Ni fa in ba ka nan lafiya lau nake jin yana magana," in ji matarsa.

"Wato ni ne ƙugin ke nan?" ya ce, ya harare ta.

Ranar Asabar ya yi abin da girman kai ya hana shi yi tun farko. Ya kunna ƙaramin rediyon aljihu mai batir, ya kashe wutar gidan gaba ɗaya. Ƙugi ya mutu, alhali mai walda yana can yana ta tartsatsi. Ashe ɓarnar a cikin gida take. Ya mayar da wuta, ya shiga bin ɗaki-ɗaki yana kara rediyon a jikin bango. A falo shiru, a kicin kaɗan-kaɗan. Da ya doshi ɗakin baya ƙarar ta fara huda kunne.

Ya toshe hanci ya durƙusa. Ba daga tsohon rediyon take fitowa ba, daga gadon ne. Wata siririyar waya ta taso daga soket ɗin bayan katifa, ta shige cikin bargo. Ya kama gefen bargon da yatsa biyu, yana kawar da kai, ya ɗaga.

Ƙaramin soket ne a kan cinyar Inna, da cajar nan mai naɗin jan salatif a jikinsa, babban yatsanta yana kan makunnin.

Ba ta ɓoye ba. Ta danna, ɗakin ya yi tsit, sai muryar mai labarai tangaram. Ta dubi hannun da ya toshe hanci da shi, ta ce, "In ya gyaru, Injiniya, me kuma zai sake shigo da kai?"