Dogo da Gindin Tukwane

An yi wani dattijo a wata unguwa, dogo sambal kamar giginya, irin mutanen nan da in za su shiga zaure sai sun cire hula. Ya daɗe yana kula da lambun wani babban otal. Da ya ajiye aiki, sai ya roƙi mai unguwa wani kangon fili, ya ce zai yi wa yara lambu. Ba na kayan miya ba, a'a, wurin da yaro zai shinshina, ya taɓa, ya ɗanɗana, ya saurara, uwarsa kuma ta samu inuwa ta miƙe ƙafa. Mai unguwa ya yarda, amma ya ce masu wankin mota ma suna son filin, in damina ta wuce iyalai ba su riƙi wurin ba, su za a ba. Dattijo ya gyara murya, ehem-ehem, ya turo haɓa gaba yadda ya saba, ya ce, "Ni za a koya wa shuka?" To, shuka kam ya iya. Ɗoɗɗoya da na'ana'a ya dasa a tukwane, ya rataye a rumfa don kada awaki su ci, daidai hancinsa. Ya ɗura wa ƙoƙuna tsakuwa ya ɗaure a reshen darbejiya, iska na kaɗawa suna kacau-kacau, daidai kunnensa. Yakuwa da tumatir ya ɗora kan wani dogon dakali don kada ya riƙa sunkuyo, domin shi mutum ne da ba a ganin gwiwarsa a ƙasa in ba salla ake ba. Kullum da la'asar sai ya zagaya, hannu a baya, ya ja numfashi, ya lumshe ido, ya ce, "Kai, madalla da ni." Yaran kuwa, ranar farko aka kawo su an shafe su da mai suna ƙyalli, suka shiga ta wannan ƙofa suka fita ta waccan, suka koma bakin kwata suna tseren jirgin takarda. Ba yaro, ba uwa. Masu wankin mota suka fara giftawa da bokitansu suna auna filin da ido: "Baba, ya lambu? Ya yaran?" Shi kuma yana ta mita, wai 'ya'yan zamani ba su san daɗi ba.

Ana nan, rannan ƙaya ta soke shi a dunduniya yana tsakiyar lambun. Babu kujera kusa. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya ga ba mai kallo, ya zauna daɓas a ƙasa. Ya zare ƙayar, ya ɗaga kai, sai ya yi turus. Ina lambun? A gabansa bangon dakali ne, ko fenti babu. A bisa kansa gindin tukwane ne baƙi ƙirin, suna ɗiga masa ruwa a ƙeya. Ƙamshin da yake taƙama da shi yana wucewa can sama abinsa, abin da ya iso hancinsa warin taki ne. Ashe abin da ya gayyaci yara su gani ke nan! Washegari unguwa ta ga ikon Allah: Dogo ya naɗe babbar riga yana rarrafe. Duk abin da zai dasa sai ya kai hancinsa ƙasa ya gwada. Ya sauke tukwane, ya rushe dakali. Na'ana'a ya shimfiɗa a gefen hanya, yadda ƙafa za ta murje ta ƙamshi ya tashi. Hanyar kanta ya zuba mata yashi mai laushi, can gaba tsakuwa mai sulɓi, sai ɓawon gyaɗa mai ƙaras-ƙaras. Ya sa auduga kusa da kabewa, hannu ya ji taushi ya ji kaushi. Ƙoƙuna suka sauko inda mai tatata zai kai musu duka. Awaki kuma aka yi musu shinge, abin da ya kamata tun farko. Matan maƙwabta suna leƙe ta katanga suna ƙunshe dariya: "Yaya, zo ki gani, Baba ya fara rarrafe, saura haƙora!" Ya ji su sarai, ya yi kunnen uwar shegu.

Rarrafen nan shi ya fara jawo yaran. Suka zo kallon tsoho, suka jeru a bayansa suna kwaikwayonsa har da ehem-ehem ɗin. A hanya wani ya tsinki yakuwa ya tauna, ya yamutsa fuska kamar zai yi kuka, ya sake tsinka. Wata ta gano ƙoƙuna, unguwa ta rasa barcin rana. Iyaye mata suka biyo sawun 'ya'yansu da niyyar faɗa, suka tarar da inuwa da ƙamshi, suka aika a ɗauko tabarma. Kafin a yi girbi har kitso ake a wurin, masu wankin mota kuwa suka nemi wani fili can bakin titi. Ranar da mai unguwa ya zo dubawa, sai da ya yi ta "gafara dai, gafara dai" kafin ya samu wurin sa ƙafa. Dattijo ya miƙe daga cikin yara, gwiwa duk laka, ganye maƙale a gemu, amma sai da mai unguwa ya ɗaga kai sama kafin ya gaishe shi, ya kuma cire takalmi kamar yadda ya ga kowa ya yi. Dama Hausawa sun faɗa: durƙusa wa wada ba ya hana ka tashi da tsawonka.