Akwatin Kotu da Numfashi Ɗaya

Ni Tabawa ban yi boko ba, amma na san iyakar gonata. Maƙwabcin gonata Ɗan'asabe ya ci min ita har gindin tsamiya, ga damina ta ƙarato.

Yanzu ba a ganin alƙali, akwatin ajiyar murya ake faɗa wa ƙara. Na yi sallama, na gaida alƙali, na tambayi iyalinsa, sannan na kawo maganata.

Da na koma jin sakamako, ma'aikaciyar kotun ta ce, "Iya, alƙali ya amsa gaisuwa."

"Gonar fa?"

"Akwatin ba ya ɗaukar abin da ya wuce numfashi ɗaya. Ragowar yankewa yake ya ajiye daban. Ƙararki na ciki, amma ba suna a kanta."

"To ku ƙara masa ciki mana!"

"Haka aka yi shi, Iya. Ki sake."

Na koma layi. Ba mai gaida wani, kowa na motsa baki yana auna maganarsa.

Da aka zo kaina na ce, "Tabawa ce, Ɗan'asabe ya cinye min gona."

Aka karɓa. Na fito da kunya, kamar na faɗa gidan mutane ba sallama.