Mutumin Cikin Faifan Bryony

Warren Pickersgill yana tsame kifi daga mai lokacin da rediyon shagonsa ya sako sabuwar waƙar Bryony Keld. Kafin a kai amshi na biyu, kifi uku sun ƙone.

Duk garin Whitby an san Bryony. A layin bayan coci ta tashi, ta tafi Landan da jitarta, faifanta na farko ya zaga ƙasa. Abin da mutane suka manta, Warren kuma bai manta ba, shi ne sun taɓa soyayya ta wata biyar, shekara shida da suka wuce.

Faifan na biyu waƙa goma sha ɗaya ne, duk a kan namiji guda, ba a kuma faɗi sunansa ba. Mai korayen idanu ne da gashin baki. Yini yake yana barci a doguwar kujera, ya fice ba sallama, ya dawo da ƙamshin turaren wata. In ta dafa ya shinshina ya kau da kai, ya je gidan maƙwabciya ya cika ciki. Amma waƙar ƙarshe roƙonsa take ya dawo, ƙofa a buɗe take.

Warren ya leƙa fuskarsa a bayan ludayi. Idanu kore. Gashin baki kuwa tun yana ɗan ashirin yake kiwonsa.

Ya sayi faifan ya bi shi baiti-baiti. Tabon da ta ce an bar mata a hannu, ai ranar da mai ya fallatso mata ne. Kyautar da ta ce ta ɗauka da tsinke ta kai shara, wannan rawayan gyalen da ya saya mata ne, ko shi ya san bai yi kyau ba. Da ya zo kan waƙar da ke cewa ba ya kusantarta sai ya ji ƙamshin kifi, sai ya ajiye ludayi ya zauna. Wa kuma ya rage?

Mutum ɗaya ya faɗa wa, a asirce. Kafin Asabar layin shagon ya kai bakin gada. 'Yan mata suna ɗaukar hoto da shi, tsofaffi mata suna karɓar kifinsu suna harararsa, masunta kuma sun laƙaba masa Angon Rediyo. Yana cewa su bari, yana murza gashin baki.

Tamsin ce ba ta yi dariya ba. Ma'aikaciyar jinya ce, saura wata biyu bikin aurenta da Warren. Ta saurari faifan sau ɗaya a mota, ta shigo shagon, ta zare zobenta ta ajiye kusa da kwalbar gishiri.

“Barcin kujera dai naka ne, na shaida,” in ji ta. “In an buɗe maka ƙofa, ga hanya. In kuma ni kake so, je ka faɗa mata a gaban idona.”

A nan daɗin ya ƙare. Kwana huɗu Warren yana soya kifi da zobe a aljihu, ba ya jin yunwa. Ya gane suna abu ne mai daɗi, amma ba ya yi wa mutum dariya in ya dawo gida a gajiye.

Ran Lahadi aka ce Bryony ta zo ganin mahaifiyarta. Ya sa rigarsa ta zuwa biki, ya haddace jawabi, Tamsin na biye da shi hannu a harɗe.

Bryony ce ta buɗe ƙofa, da kofin shayi da silifas. Bai bari ta yi magana ba. Ya ce ya ji saƙonta, ya kuma ji kunya. Ya nemi gafarar gyalen, da tabon, da abincin maƙwabciya, ko da yake a iya tuninsa sau ɗaya ne. Ya ce waƙoƙin sun yi daɗi, amma zuciyarsa tana wajen wannan da ke tsaye a bayansa, don haka ta daure ta rufe ƙofar nan.

Bryony ta daɗe tana kallonsa. Ta dubi Tamsin, ta sake dubansa.

“Warren ne, ko? Na shagon kifi?”

Daga cikin gida mahaifiyarta ta tambaya ko waye. Da aka faɗa mata abin da ya kawo shi, sai aka ji wani abu kamar tari, kamar kuma ba tari ba.

Bryony ta ciji leɓe. Ta ce ta gode da ya taso, amma ya kwantar da hankalinsa, wanda ta yi wa waƙoƙin ya dawo tun ran Talata. Sati bakwai ya yi a gidan wata bazawara a layin tasha, ya dawo ya yi ƙiba, ko kunya babu. Yanzu haka yana falo.

Warren ya ɗaure fuska. Sauƙi ya kamata ya ji, sai ga shi kishi ne. Ashe akwai wani? Ya gyara wuyan riga ya ce yana so ya ga mutumin da ya ja masa wannan abin kunya.

Tamsin ta riga shi leƙawa. Ta toshe baki, kafaɗunta na rawa, ta zura hannu a aljihunsa ta ciro zobenta ta mayar a yatsa.

Warren ya shiga falon da ƙirji a gaba. A kan doguwar kujera, wani ƙaton baƙin muzuru ya buɗe korayen idanunsa, ya shinshino ƙamshin kifi a jikin baƙon, ya diro ya fara goga masa gashin baki a ƙafa.