Kwalbar da Ta Ƙi Zama Ja

Sojoji biyu sun fara kwance wayar gurub, injin ba da wuta, ke nan Jamilatu ta fito daga labo, ɗakin gwajin jini, ta zauna a kan injin.

"Madmazel, sauka."

"Ku ɗauka har da ni," ta ce. Ta ja dogon hannun rigarta ta rufe har wuyan hannu, duk da zafin da ake yi.

Tun da aka yanke wutar da ke shigowa daga Najeriya, wannan ɗan injin ne kaɗai ke riƙe da firigon sanyaya jini da akwatin ɗumi na ƙaramin labon da take aiki a Matameye. Ruwa ya ɗauke gero bai fid da kai ba, rijiyoyi sun ja baya. Kapitan Hamisu, hafsan da aka ɗora kan rabon ruwa, yana son injin don famfon garin Dawce. Ba mugunta ba ce. An gaya masa aikin yarinyar ya lalace, shi kuwa bai ga dalilin ƙona mai a kan lalataccen aiki ba.

Aikin nata ba ɓoyayye ba ne. Takan ɗebi jinin masu sankarar jini, ta ware fararen ƙwayoyin da ke tsaron jiki, ta zuba su cikin wani jan ruwa mai sukari. Ƙwayoyin mai lafiya a hankali suke ci, ruwan ya kwana da jansa. Na mai ciwo kuwa haɗama gare su, kafin gari ya waye sun mai da shi rawaya. Burinta tun tana jami'a shi ne a riƙa gane ciwon nan da kwalba da ido kawai, tun yana ƙarami, ba sai an sai da akuya an tafi Yamai ba.

Sai dai dole a ajiye jinin mai lafiya a gefe don kwatance, kuma a shekarar nan mai lafiya ya yi wuya. Duk wanda ta tunkara sai ya ce jinin da bai ishe shi ba ne zai raba da kwalba? A ƙarshe ta samu mutum guda mai albashi, mai cin abinci safe da rana da dare, wanda ba zai yi mata musu ba. Ta rubuta "Lafiya" a jikin kwalbarsa.

Da safe ta tarar da ita rawaya.

Ta dafa kayan aikinta kaf, ta sake haɗa ruwan, ta sake ɗiba. Rawaya. Sai ta ɗiga jinin a gilashi ta sa a madubin duba ƙwayoyi, ta daɗe a sunkuye. Ranar ba ta taɓa furar da innarta ta aiko mata ba.

Dakta Iliyasu, malaminta da ke zuwa daga Damagaram duba aikin, yana ganin kwalbar ya girgiza kai. Datti ma yana mai da ruwan rawaya, kowane ɗalibi ya san haka. In kuwa hannunta na shigar da datti, to duk sauran kwalaben ba abin yarda ba ne. Ya tambaye ta jinin wane ne. Ta ce mai jinin bai gaya wa mahaifiyarsa ba tukuna.

Yanzu ga shi ya iso da sauri tare da Kapitan, sun same ta zaune kan injin, numfashinta na fita sama-sama kamar wadda ta yi gudu.

"'Yata, ki ce kuskure ne," in ji Dakta a hankali. "Kowa na yi. In kai ki Damagaram ki sake farawa. Dubi yadda aikin nan ya rame da ke."

"Malam, hannuna tsaf yake. Kwalbar ba ta yi ƙarya ba. In kun ɗauke injin nan, jinin mutanen da suka yarda da ni zai ruɓe kafin la'asar, wasunsu ma ba su da ran sake bayarwa."

Kapitan ya yi dariya. "Ke ko tsoron kaki ba kya yi?"

"Mon kapitan, na ga abin da ya fi kaki."

Ya dube ta, ya dubi Dakta. "To, a raba gardama. Me zai nuna mai gaskiya?"

"Ta kawo mutumin," in ji Dakta. "In ɗebi jininsa da hannuna, in duba da idona. In lafiyarsa ƙalau, dattinta ne, ku ɗauki injin. In kuwa da gaske yana da ciwon, to ta gano abin da ni ban gano ba, kuma ko ƙusa ɗaya ba za a taɓa a labon nan ba."

"Na yarda," in ji Kapitan. "Ga mota. Ina yake, a ɗauko shi?"

"A bar motar, mai ya yi tsada."

Ta sauko daga kan injin, ta dafa bango har jirin da ya ɗebe ta ya wuce, ta shiga labo suna biye da ita. Ta ɗauko sabuwar allura ta miƙa wa Dakta. Sannan ta zauna kan kujerar marasa lafiya, ta naɗe hannun rigar har sama, tabon allurai da kwanciyar jini suka bayyana, ta ɗaure damtsenta da roba tana ja da haƙoranta, ta miƙa masa hannu.

"Ga mai lafiyar taku, Malam. Ɗiba."