Marayan da Bai Ba Baƙuwa Ruwa Ba

Rufus ya tsayar da sabuwar fijo ɗinsa a gindin mangwaron makarantar mishan ta Kafanchan. Malama Roseline ta sallami yara, ta fito da alli a hannu. Ta dubi motar, sannan ta dube shi.

"Na ji tatsuniyar da kike musu ta taga," in ji shi. "Marayan da ya zama sarki. Ai ni ne, Roseline. Ni da a da nake yaron shago ba takalmi, yau ga ni da shagon kaina. Gobe zan turo kawuna wajen Babanki neman aurenki."

Ta murza allin har ya dagargaje.

"Ba ka ji ta daga farko ba," ta ce. "Tsohuwa ce ta zo masa da ƙishi, ya ba ta ruwa. Daga nan arzikinsa ya fito."

Ya kau da ido.

"Da aka gama yaƙin Biyafara, matar maigidanka ta sauka daga jirgin ƙasan Inugu, ita kaɗai ta rage a gidansu. Ta tsaya a ƙofar shagon mijinta da ka riƙe, ka ce ba ka san ta ba. A ɗakin Mama ta kwana, tana kuka har gari ya waye."

"Lokacin ne ya zo da haka," ya ce a hankali.

Ta kakkaɓe hannunta.

"Na so ka ba takalmi, Rufus. Kada ka wahalar da kawunka."