Harshen Rabon Ruwa

Tun da aka kafa dokar cewa ba a sauya wa manhaja harshen da aka rubuta ta da shi bayan an yi mata rajista, mutane suka daina gaggawa.

Barira, mai rubuta wa manoman shinkafar Kura manhajar rabon ruwa, ta je ofishin rajista tare da shugabansu, Malam Salmanu.

"Ku ɗauki sabon harshen da injuna suka ƙirƙiro wa kansu," in ji ma'aikacin. "Kafin la'asar an gama muku. Tsohon kuwa, da hannu za ki yi ta bugawa har damina ta faɗi."

"Akwai mutumin da ke iya karanta sabon?" Barira ta tambaya.

"Babu. Amma ba ya kuskure."

Malam Salmanu ya gyara zama. A ƙauyen surukansa sabon suka zaɓa. Duk Juma'a ƙofar ruwa takan rufe wa gona ɗaya, ba a san dalili ba. In an tambayi injin, sai ya gaishe su da ladabi, ya ce komai daidai yake.

"Tsohon muke so," Barira ta ce.

Ma'aikacin ya daɗe yana lalube kafin ya gano sunan tsohon harshen.

A bakin ƙofa Malam Salmanu ya rage murya. "'Yata, rani ya matso. Anya za ki iya?"

"Zan iya, Baba. Kuma duk ranar da gonarka ta rasa ruwa, ka san gidan da za ka yi wa sallama."