Lamba Shida a Bayan Ambulan

Ina da shekara goma sha ɗaya malamin wasanni ya liƙa sunayen 'yan kurket na makarantarmu, babu nawa. Wai ina jifan ƙwallo, ina bugu, amma ba a san inda za a ajiye ni ba.

Da la'asar na tarar da Baba a falon gidanmu na Tottenham, a ƙasar Turawa. Gwamnati ce ta turo shi kwas, lokacin da kuɗin mai ke ambaliya a gida. Al'adarsa ce duk jajibirin Test, babban wasan kurket ɗin nan na kwana biyar, ya zaɓi nasa 'yan wasa goma sha ɗaya, ya rubuta su a bayan shuɗin ambulan ɗin wasiƙar Kano.

Na ce, "Baba, an yi dropping ɗina, ba a sa ni cikin 'yan wasa ba."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ka san abin da ya sa nake fara cike lamba shida? Kwana biyar akwai nisa. Mai jifa zai gaji, mai bugu zai fita. Wanda ya iya biyun shi ke riƙe sauran goman."

Ya soke sunan Baturen da ke lamba shida, ya rubuta nawa, har da sunan kakana.

"Gobe ka nuna wa malamin naka. Ka ce in ji ni, bai iya zaɓe ba."

Ambulan ɗin yana wurina har yanzu. Duk wanda ya ce in tsaya ga abu ɗaya, amsar da nake ba shi ke nan.